Launi da Yaran Titi: Tarken Hotunan Helen Levitt na Unguwannin Talakawan New York

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka sun daɗe da yarda cewa wasan yara fasaha ce mai zubi da tsari, ko da yake ba ta barin sawu a bayanta. Yara sukan taru, su gina wasa, su rushe shi kafin magariba, gobe kuma su ƙago wani. Saboda haka duk mai son nazarin wannan fasaha dole ya dogara da wanda ya tsaya a wurin ya adana ta, ko dai da alƙalami ko da kyamara. Wannan maƙala za ta duba aikin wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Helen Levitt, wadda aka haifa a Brooklyn cikin 1913, ta rasu a New York cikin 2009, bayan ta shafe kusan shekara 60 tana bin titunan unguwannin leburori da baƙin haure tana ɗaukar hotunan yara.

Levitt ta yi suna ne da hotunan baƙi-da-fari na wajen 1938 zuwa 1948, har masu sharhi da dama suka ɗauki hotunanta masu launi, waɗanda ta fara cikin 1959, tamkar ƙarashen aiki. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wannan hukunci bai yi adalci ba. Launi ya iso hannun masu ɗaukar hoton titi a makare, daidai lokacin da mota da talabijin da rusau suka fara raba yara da titi. Don haka hotunan Levitt masu launi suna ɗauke da wani jigo wanda na farko ba su da shi, watau kokawar yaro da birnin da ya soma ƙwace masa fili. Za a fara da bayanin abin da ya jinkirta launi, sa'an nan a duba hotunan kansu, a kwatanta su da na wata Baturiyar Ingila, Shirley Baker, daga ƙarshe a auna ƙorafe-ƙorafen da ake yi a kan irin wannan aiki.

2.0 Abin da ya Jinkirta Launi

Dalili na farko na na'ura ne. Hanyar ɗaukar hoto mai launi da ta fara shiga kasuwa sosai ita ce Autochrome, wadda 'yan'uwa biyu Auguste da Louis Lumière suka fitar a Faransa cikin 1907. Faranti ne na gilashi wanda ake shimfiɗa wa ƙwayoyin sitacin dankalin Turawa da aka rina launi uku. Hasken da ke ratsa waɗannan ƙwayoyi kaɗan ne, shi ya sa sai an bar idon kyamara a buɗe na daƙiƙa ɗaya ko fiye, ko da rana tana tsaka. Daƙiƙa ɗaya kuwa doguwa ce ga yaro mai tsalle. Abin da ya sa ke nan yaran da ake gani a hotunan wancan zamani duk a tsaye suke ƙiƙam, ko a zaune an jera su. An sami launin rigarsu, amma an rasa wasansu.

Kamfanin Kodak ya fitar da fim ɗin Kodachrome cikin 1935 domin majigi, sa'an nan cikin 1936 domin ƙananan kyamarori. Wannan ya rage matsalar, amma bai kawar da ita ba. A ma'aunin saurin kama haske na ASA, Kodachrome na rana bai wuce 10 ba, sai cikin 1961 aka fitar da sabo mai 25. A daidai wannan lokaci fim ɗin baƙi-da-fari na Tri-X ya kai 400. Ma'anar wannan tazara ita ce mai aiki da launi yana bukatar rana mai ƙarfi, alhali lungunan da ke tsakanin dogayen gidajen haya ba su cika samun ta ba. Bugu da ƙari, mai baƙi-da-fari yana iya wanke hotonsa da kansa a ɗan ɗaki mai duhu, amma Kodachrome sai an aika da shi masana'anta, a biya kuɗi, a jira.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a riƙe, domin zai dawo nan gaba. Fim irin wannan ba ya bayar da dodon hoto wanda za a riƙa wanke kwafe daga jikinsa. Fim ɗin da aka sa a kyamara shi ne ke zama hoton, ɗan ƙarami a cikin firam na kwali, wanda ake haskawa a bango da majigi. Kowane hoto ƙwaya ɗaya ne tak. In ya ɓata, ya ɓata ke nan.

Dalili na biyu na ra'ayi ne, shi ne ma ya fi ƙarfi. Tun daga shekarun 1930 launi ya zama kayan aikin 'yan talla da mujallun ado da masu yawon buɗe ido. Saboda haka masu ɗaukar hoto da ke ganin kansu masu fasaha ne suka raina shi. Walker Evans, wanda ya kasance aboki kuma jagora ga Levitt, ya taɓa bayyana hoto mai launi da cewa abu ne maras daraja, ko da yake shi kansa ya koma yana ɗaukar hotuna masu launi da kyamarar Polaroid a shekarunsa na ƙarshe. Yawancin marubuta tarihi sukan ɗauki nunin hotunan William Eggleston na 1976, wanda John Szarkowski ya shirya a gidan adana fasahar zamani na New York da aka fi sani da MoMA, a matsayin ranar da aka buɗe wa launi ƙofa. Levitt ta riga wannan rana da shekara 17.

3.0 Baƙi-da-fari a Matsayin Harshen Shaida

Kafin a gane abin da launi ya sauya, sai an san yadda aka saba nuna ɗan talaka a hoto. Cikin 1890 ɗan jarida Jacob Riis ya buga How the Other Half Lives, inda ya nuna cunkoson gidajen haya na New York da yaran da ke kwana a lungu. Daga 1908 kuma Lewis Hine ya riƙa yawo masaƙu da ma'adinai yana ɗaukar hotunan yara leburori domin kwamitin da ke yaƙi da bautar da yara a Amurka. Aikin mutanen nan biyu ya taimaka wajen gyara dokoki, ba kuma mai musun amfaninsa. Amma fa a cikinsa yaro shaida ne da aka gabatar gaban alƙali. An kawo shi ne domin a tabbatar da laifin mai gida ko mai masana'anta, kuma toka-tokar hoton ta zama tamkar rantsuwa cewa abin da ake gani gaskiya ne. Sannu a hankali idon mai kallo ya haɗa talauci da rashin launi, har ya zama kamar unguwar talakawa ba ta da ja ko kore.

An sami ɗan tsagi a wannan bango tun da wuri. Sashen hoto na hukumar tallafa wa manoma ta gwamnatin Amurka, wanda Roy Stryker ya shugabanta, tare da ofishin yaɗa labaran yaƙi da ya gaje shi, sun bar dodon hoto na baƙi-da-fari kimanin 175,000, da hotuna masu launi kimanin 1,600 kacal. A cikin waɗannan 'yan kaɗan akwai wanda Jack Delano ya ɗauka cikin Disamba 1940 na wasu yara a unguwar gidajen haya ta Brockton, garin masu ɗinkin takalma a jihar Massachusetts. Mai kallon wannan hoto yakan ji wani abu ya motsa masa, domin yaran sun daina zama mutanen da can, sun koma kamar yaran maƙwabta. Duk da haka waɗannan hotuna sun kwanta a ma'ajiya shekaru da yawa ba a kula da su ba, alhali na baƙi-da-fari sun zama fuskar wancan zamani na tsananin fatara.

4.0 Levitt Kafin Launi

Levitt ba ta gama makarantar sakandare ba. Cikin 1931 ta kama aiki a shagon wani mai ɗaukar hoto a Bronx, inda ta koyi wanki. Haɗuwarta da Bafaranshe Henri Cartier-Bresson cikin 1935 ita ta nuna mata cewa hoton titi yana iya tsayawa da ƙafarsa ba tare da ya zama hujjar wata ƙara ba. Shekara ɗaya bayan haka ta sayi kyamarar Leica ta hannu. Abin da ya fara jan hankalinta shi ne zane-zanen da yara ke yi da alli a kan kwalta da bango, waɗanda ruwan sama ke wankewa cikin kwana ɗaya. Daga zanen ta koma ga masu zanen.

Unguwannin da ta fi bi su ne Harlem ta Gabas, inda 'yan Italiya da 'yan Puerto Rico da baƙaƙen fata suke, da kuma Lower East Side. Ta zaɓe su ne domin a nan rayuwa take a waje. Ɗakuna ƙanana ne, zafin bazara ba ya barin kowa a ciki, saboda haka matakalar ƙofar gida ta zama dakalin hira, titi kuwa ya zama dandali. Daga wannan zamani ne aka sami hotunanta da suka fi shahara: yara uku sanye da abin rufe fuska suna saukowa daga matakala a ranar bikin Halowin, kowannensu da irin takunsa, samari ƙanana da suka ɗaga firam ɗin fasasshen madubi, wani yaro a kan keke mai ƙafa uku ya bayyana a tsakiyarsa, 'yan mata suna tafe sun juya suna kallon kumfar sabulu tana yawo a iska. MoMA ta yi mata nuni ita kaɗai cikin 1943. Daga baya ta haɗa hannu da Janice Loeb da marubuci James Agee suka yi ɗan gajeren fim mai suna In the Street, kuma littafinta A Way of Seeing ya fito cikin 1965 da sharhin Agee, shekara 10 bayan rasuwarsa.

Abin lura a waɗannan hotuna shi ne titi na yara ne. Motoci kaɗan ne, fili a buɗe yake, kuma salon hoton ya ginu ne a kan motsin jiki, watau lanƙwasar hannu da karkatar wuya da tazarar da ke tsakanin yaro da yaro. Da yake babu launi, ido ba ya da abin da zai bi sai layi da inuwa. Shi ya sa masu sharhi suka yawaita kwatanta su da rawa.

5.0 Aikin Launi

5.1 Tarihin Aikin

Cikin 1959 da kuma 1960 gidauniyar Guggenheim ta ba Levitt tallafi domin ta koma titunan da ta sani da fim mai launi. Ta tara hotunan majigi masu yawa. Cikin 1970 ɓarawo ya shiga gidanta ya kwashe mafi yawansu. A nan ne abin da aka faɗa a sashe na 2.0 ya yi aikinsa: da dodon hoto ne aka sace, da kwafen da aka riga aka wanke sun tsira, amma waɗannan ba su da na biyu. Ta haka aka yi asarar shaidar titunan New York na farkon shekarun 1960 daga idon da ya fi kowa sanin su, kuma duk hukuncin da za a yanke kan aikinta na launi ya tsaya ne a kan 'yan kaɗan da suka rage da waɗanda ta ɗauka daga baya.

Ta sake fita titi tana da shekara kusan 60. Cikin 1974 MoMA ta nuna hotunanta masu launi guda 40 ta hanyar haska su da majigi ɗaya bayan ɗaya, shekara biyu kafin nunin Eggleston. An kuma wanke wasu a takarda ta hanyar rini ta Kodak, inda ake raba hoto gida uku, a ɗora kowane launi daban a kan takarda ɗaya. Hanya ce mai tsada da cin lokaci, amma launinta yana da zurfi kuma ba ya saurin koɗewa. An tattara aikin cikin littafi mai suna Slide Show cikin 2005.

5.2 Warwarar Jigo

Hoton da ya fi dacewa a fara da shi shi ne na 1980. Wata yarinya ta tsuguna a bakin kwata kusa da tayar wata babbar mota koriya, ta sunkuyar da kai har ba a ganin fuskarta, gaɓoɓinta sun lanƙwashe kamar na gizo-gizo. A hayin titi akwai wata ƙaramar Volkswagen mai launin shuɗi-shuɗi. Ba a san abin da yarinyar take nema ba. Abin da aka sani shi ne motar ta cinye mafi yawan hoton, ita kuwa yarinya an bar mata ɗan tsukin da ke tsakanin ƙarfe da daɓe. Da a baƙi-da-fari aka ɗauki wannan hoto, da motar ta zama tudun toka a bayan yarinya, ido ya zarce kan lanƙwasar jikinta, a ce ga wata rawar kuma. Kore shi ne ya hana haka. Shi ke fara kama ido, sai daga baya mai kallo ya lalubo yarinya, kamar yadda direba zai iya rasa ganinta. Launin ya jera abubuwa bisa ga ƙarfinsu a titi, mota a gaba, yaro a baya.

Na biyu shi ne na 1988, inda wata mace mai jiki take cikin rumfar tarho ta gilashi tana magana, yara biyu kuma sun cusa kansu sun matsu a jikinta. Hoton yana da ban dariya, kuma Levitt ba ta taɓa gudun raha ba. Amma in aka ajiye shi kusa da na yaran da ke sauka daga matakala shekara kusan 50 kafin nan, sai a ga yadda fili ya tsuke. Can yara uku ne da titi gaba ɗaya a gabansu. Nan mutum uku ne a cikin akwati.

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da aiki uku da launi yake yi a hannun Levitt. Na farko, yana bayyana wanda ya mallaki titi. Launuka masu ƙarfi a birnin shekarun 1970 na kayan sayarwa ne: fentin mota, allon talla, kwalin kanti, roba. Yaro ya zama ɗan ɗigo a tsakaninsu. Na biyu, launi yana ɗaure hoto da zamaninsa. Baƙi-da-fari yakan sa yaro ya zama kowane yaro na kowane lokaci, wanda hakan ke sauƙaƙa wa mai kallo ya yaba ya wuce. Launin riga da na fenti kuwa suna faɗin shekara, suna cewa wannan yarinya ce guda, a rana guda, a titi guda. Na uku, launi yana nuna zaɓi. Matar da ta sa wa 'yarta jan siket, ko mutumin da ya shafa wa ƙofarsa shuɗin fenti a gidan da ba nasa ba, sun yi wani abu da son ransu. Hoton Riis ba shi da hanyar nuna wannan, domin a cikinsa talaka abin da aka yi wa ne kullum.

Levitt da kanta ta bayyana a hirarrakin da aka yi da ita cewa yara sun ragu a titi, ta kuma danganta abin da talabijin da na'urar sanyaya ɗaki. Shi ya sa a hotunanta na launi tsofaffi da karnuka da kaji suka yawaita. Masu cewa aikin ya rasa kuzarin na farko gaskiya suka gani, amma sun ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Titin ne ya rasa kuzari, kyamara kuwa ta faɗi abin da ta tarar.

6.0 Kwatanci da Shirley Baker

Domin kada a ɗauka wannan al'amari na New York ne kawai, yana da kyau a ƙetara zuwa arewacin Ingila. Shirley Baker, wadda aka haifa a Salford cikin 1932, ta rasu cikin 2014, ta shafe wajen shekara 20 daga 1961 tana ɗaukar hotunan unguwannin ma'aikatan masaƙu na Manchester da Salford a lokacin da hukuma take rushe su. Mafi yawan aikinta baƙi-da-fari ne, amma cikin bazarar 1965 ta ɗauki jerin hotuna masu launi a unguwar Hulme.

A waɗannan hotuna ana ganin layukan gidajen jan bulo da hayaƙin masana'antu ya dafar, wasu an riga an rushe rabinsu, yara kuma suna lilo da igiyar da suka ɗaura a jikin fitilar titi, ko suna wasa a kan ɓaraguzan gidan maƙwabta. Abokin gabar yaro a nan katafilar rusau ce, a maimakon motar da aka gani a New York. Launi ya yi aiki iri ɗaya ta wata fuska. Jami'an da suka yanke wa Hulme hukunci sun san ta ne a takarda a matsayin unguwar ƙazanta, kuma hoton baƙi-da-fari yakan goyi bayansu ko bai yi niyya ba. Hoton Baker mai launi ya nuna rigunan yara masu haske da hasken rana a kan bulo, ya tilasta wa mai kallo ya yarda cewa wurin da ake rushewa gida ne na mutane. Manyan benayen da aka gina a madadin waɗannan layuka, waɗanda aka kammala cikin 1972, ba a daɗe ba aka gane ba su dace da iyalai masu yara ba, kuma ba su cika shekara 25 ba aka rushe su su ma.

Bambancin matan biyu a bayyane yake. Baker 'yar yankin ce, mutane sun san ta, yara sukan tsaya su dubi kyamararta ido da ido. Levitt kuwa ta fi son a manta da ita. Amma dukansu sun iso da launi a daidai gaɓar da dandalin yaran birni yake rufewa.

7.0 Ƙorafe-ƙorafe

Akwai ƙorafi uku da ya wajaba a auna, domin tarke ba yabo ba ne kaɗai.

Na farko shi ne launi yana ƙawata talauci. Fentin da ya ɓare da tsatsar ƙarfe suna da kyau a takarda mai sheƙi, mai kuɗi kuma yana iya rataya su a falonsa ba tare da ya ji komai ba. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ya kama masu ɗaukar hoto da yawa. Abin da ya kuɓutar da Levitt daga mafi yawansa shi ne ba ta ɗaukar bango don bango. A kowane hoto akwai mai rai yana wani abu, launi kuwa yana yi wa wannan abu hidima. Duk da haka ba za a ce ta kuɓuta ɗungurungum ba, tun da hotunan sun ƙare a gidajen nuni da yaran da ke cikinsu ba su cika shiga ba.

Na biyu shi ne batun izini. An san cewa a farkon aikinta Levitt takan yi amfani da wani madubin leƙe na gefe, wanda ke ba ta damar fuskantar wani waje alhali kyamara tana kallon wani. Yaran ba su san ana ɗaukar su ba, ba a kuma rubuta sunan ko ɗaya ba. Yawancin hotunan ba su da wani take sai sunan birni da shekara. Masu kare ta sukan ce da yaran sun sani da wasan ya mutu, wannan kuwa haka ne. Amma gaskiyar wannan magana ba ta goge ɗayar ba, watau ɗan talaka ne ake iya ɗauka a ɓoye, domin shi ne ba shi da katangar da zai shige. Ɗan mai kuɗi yana wasa a bayan ƙofa. Abin da za a iya faɗa mata shi ne ba ta taɓa nuna yaro cikin wulaƙanci ba, ba ta kuma roƙa masa tausayi ba. Ta ma faɗa cewa ba wata ƙauna ta musamman take yi wa yara ba, su ne dai ta tarar a waje. Wannan rashin zaƙin baki yana cikin abin da ya tsare hotunan daga zama wa'azi.

Na uku ya shafi fim ɗin kansa. Manazarciya Lorna Roth ta nuna a bincikenta na 2009 cewa an daɗe ana daidaita fim mai launi da injinan wanki bisa hoton mace farar fata, abin da ya sa fatar baƙi takan fito a dushe ba tare da bambancin haskenta ba. Ga wanda ke aiki a Harlem wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Darasin da ke nan shi ne launin hoto ba launin duniya ba ne kai tsaye. Launi ne da masana'anta ta zaɓa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma mai nazarin hoto sai ya tambayi wanda ya wasa idon da aka gani da shi.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a nuna cewa jinkirin launi a hoton titi ya samo asali ne daga raunin fim da kuma rainin masu fasaha, kuma wannan jinkiri ya sa launi ya tarar da yaran unguwannin leburori suna gab da barin titi. An nuna cewa a hannun Levitt launi ya fayyace wanda ya mallaki fili, ya ɗaure hoto da shekararsa, ya kuma bayyana zaɓin mutanen da aka saba nunawa a matsayin marasa zaɓi. Misalin Baker ya tabbatar da cewa abin ya wuce birni ɗaya. Bisa ga wannan, bai kamata a riƙa karanta hotunanta masu launi a matsayin inuwar na farko ba. Rabi na biyu ne na magana ɗaya, kuma wanda ya tsaya a rabin farko zai tafi da zaton cewa titi yana nan a hannun yara.

Akwai abin ɗauka a nan ga masu nazarin wasannin yara a ko'ina. Rubuta waƙar wasa da bayyana dokokinta ba su isa ba in ba a adana filin da ake yin ta ba, domin fili yana riga waƙa ɓacewa. Kayan adanawar ma ba su da tabbas: Kodak ta daina yin Kodachrome cikin 2009, shekarar da Levitt ta rasu, kuma wurin wankinsa na ƙarshe, a jihar Kansas, ya daina karɓar fim a ƙarshen 2010. Abin da ya rage shi ne hotunan da aka riga aka ɗauka, ban da waɗanda ɓarawo ya tafi da su cikin 1970.